Inshora da Kindirmon Inna Dije

Kuɗin inshorar da nake biya duk shekara ya fi na kowane mai gyaran sanyi a layinmu, kuma ba na jin daɗinsa. Ba don ma'aikatana sun fi nasu yawa ba ne, ba kuma don na fi su ɓarna ba. Kindirmo ne ya ja mini. Duk lokacin da biya ya zagayo sai na yi faɗa da kamfanin, na yi faɗa da kaina, sannan na biya.

Na fara da wannan ne saboda ku samari da 'yan mata da kuke tsayawa a ƙofar shagona kuna cewa a koya muku zuba gas. Kun kalli bidiyo a waya, kun ga mutum ya ɗaura tiyo ya murɗa, sanyi ya fito, an miƙo masa kuɗi. To ku sami wuri ku zauna. Zuba gas ko akuya za ta iya in an riƙe mata geji, agogon auna gas ɗin. Sana'ar tana cikin abin da ke biyo baya: ranar da ka fasa wa mutum gida, ranar da ma'aikacinka ya zamo daga tsani, ranar da wani ya taɓa abin da bai kamata ya taɓa ba. Wa zai ɗauki nauyi? Wannan ba a yin bidiyonsa.

Firizar farko da na ga cikinta tawa ce. Lokacin ƙanƙara nake sayarwa a bakin tasha, 'ya'yana sun fara tasawa, ita kuwa firizar duk wata sai ta yi yaji. Mai gyara zai zo ya ce gas ya ƙare, ya zuba, ya tafi. Wata mai zuwa ya dawo ya ce gas ya ƙare. Na ce masa, "Malam, wai shan gas ɗin take yi kamar shayi?" Ya ce haka suke. Sai na ɗora ta a kura na kai wa Baba Yohanna, wani dattijon Eggon mai shago a hanyar Shabu. Bai ko kalli tukunyar gas ba. Ya kaɗa ruwan sabulu a gwangwani, ya riƙa shafawa a jikin bututun tagulla da gashin kaza, har wani wuri ya fara kumfa. Ya ce, "Ga ɓarawonka nan." Shi kowa "kai" ne a bakinsa, mace ko namiji. Ƙofa ce 'yar ƙarama, ba ta kai kafar allura ba. Ya liƙe ta da walda, ya zuƙe iskar ciki, sannan ya zuba gas. Firizar nan har yau tana gidan ƙanwata tana aiki.

Ban bar shagon ba sai da na ce ya koya mini. Ya yi dariya har da tari.

"Kai mace ne, kuma ka wuce lokacin koyo."

"Baba, in ka ga na gaza ka kore ni. Amma ka bari in gaza tukun."

Bai kore ni ba, bai kuma tausaya mini ba. Na daɗe ba a bar ni na taɓa komai ba sai buroshi. Wanke ragar bayan firij, ɗaukar tukunyar gas, riƙe tsani, tsintar kusoshi a ƙasa. Na sa tela ya ɗinka mini wanduna ina sawa a ƙarƙashin doguwar riga, don zane da tsani ba sa shiri. Baba ba ya zagi. Amma ka bar sifana a ƙasa ka gani: zai ɗauke ya ɓoye, ka wuni kana nema yana zaune yana cin gyaɗa. Daga gare shi na koyi cewa kayan aikin farko kunne ne. Zai ɗora bakin sukudireba a jikin kwamfuresa, injin da ke tura gas, ya kara mariƙin a kunne, ya ce, "Saurara. Wannan yana nishi ne ko yana waƙa?" Bayan kunne sai mita da testa, sai geji, sai abin faɗaɗa bakin bututu. Fulaya ce ta ƙarshe, ita kuma kuke fara ɗauka.

Wata kwamfuresa ce ta kai ni makaranta. A jikin kowacce akwai rubutu da ke faɗin irin gas ɗinta da ƙarfin wutar da take ɗauka, ni kuwa ban san ko harafi ɗaya na boko ba. Na gaji da tare masu wucewa ina cewa su karanta mini. Akwai gas ɗin zamani da ke kama wuta, akwai na da, kuma ba a haɗa su. Mai wucewa in ya karanta ba daidai ba, shi ya wuce, ni ke nan da walda a hannu. Sai na shiga ajin manya da ake yi bayan la'asar a wata firamare. Malamarmu sa'ar 'yata ce. Sauran mata suna son su iya karanta saƙon waya, ni kuma na je da mataccen inji a buhu na ajiye a kan benci.

"Mama, mene ne wannan?"

"Littafina ne. Daga nan za ki fara."

Daga nan ta fara kuwa. Abin da kuke karantawa yanzu ma da hannuna na rubuta shi.

Da na buɗe shagona, na zo da wata al'ada ta Baba: ba a mayar wa mutum firiza sai an gwada ta da kaya a ciki. Firiza babu komai ko ta lalace za ta yi maka ɗan sanyi ta yaudare ka. Sai ka cika ta, ta wuni ta kwana tana ja, sannan ka san gaskiyarta. Baba da jarkokin ruwa yake cika nasa. Ni ma haka na fara, har ranar da Inna Dije, wata Bafulatana da ke shigowa gari da nono kullum, ta leƙo ta ga ina jera jarkoki.

"Ke Talatu, ruwan banza kike sanyayawa, nonona yana tsami a rana?"

Na ce ta kawo. Washegari ta zo da wata mai nonon. Kafin damina ta wuce, masu zoɓo, masu kunun aya, da Mama Blessing mai kifi daga Obi, duk sun san hanyar shagona. Ni na samu kayan gwaji ba tare da jidon ruwa ba, su sun samu sanyi. Ba haya ba ce. Wata ta bar mini ludayin kindirmo, wata kan kifi. Kowacce ta san firizar da kayanta suke, ta shigo ta buɗe ta ɗauka. Su ma sun zama gwanaye. Mama Blessing za ta ɗaga murfi ta ce, "Madam, wannan firiza bai warke ba o, kifina ya yi laushi a ƙasa. Abeg kar ka ba mai shi." Kuma in na duba sai in tarar haka ne.

Sai mummunar shekarar ta zo, wadda mai ya yi tsada, wuta kuma ta zama baƙuwa. Wa zai gyara esi, na'urar sanyaya ɗaki, alhali ba shi da abin kunna shi? Masu gidaje suka riƙa kirana, ba don gyara ba, don in cire in nemo musu mai saye. Shagunan layinmu da dama sun rufe, wani ya koma acaɓa, wani ya koma gona. Na sallami kowa sai Dogo, babban ma'aikacina, magidanci mai iyali. Wata rana na gaya wa matan cewa ba zan ƙara tayar da janareto ba. Da safe na tarar da galan ɗin mai a ƙofar shago. Sun yi karo-karo a tsakaninsu. Haka suka yi ta yi har abubuwa suka lafa, kuma duk wadda ta ji firijin wani ya mutu a unguwarsu sai ta ja shi ta kawo shi wurina. Shagon nan bai rufe ba, kuma na san su wa suka riƙe ƙofar.

Wani gida a Akurba ne ya koya mini darajar inshora. Sabon gini, rufin ɗaki fari tas da ado. Mun je ɗaura esi biyu da hitar ruwan wanka. Dogo ya tambayi maigidan inda bututun ruwa ya bi, ya nuna can. Dogo ya sa injin huda bango a nan. Ashe mai aikin famfo ya bi ta nan ɗin ne don ya rage hanya. Ruwa ya feso masa a fuska, kafin a gano inda ake rufe tanki ya bi cikin bango ya jiƙa rufin. Muna tsaye adon ya saki, ya faɗo a kan kujerun da ko ledarsu ba a cire ba. Maigidan ya kalle ni, na kalle shi. Ya ce, "Hajiya, ni dai esi na ce." Babu wanda ya tuna cewa shi ya nuna can. Mai injin a hannu shi ne mai laifi, haka dokar sana'a take. Na gyara masa ɗakinsa daga aljihuna, aikin wannan rani gaba ɗaya a rufin mutumin ya tafi.

Don haka da wani sabon otal ya ce zai ba mu kula da dukkan esi ɗinsa na shekara, amma ba mai hawa tsani a harabarsu sai da takardar inshora, ban yi gardama ba. Aikin otal ba kamar na gida ba ne, kowane wata akwai shi, ko da zafi ko da ruwa. Da shi zan iya dawo da waɗanda na sallama. Ƙanena ya ce inshora caca ce. Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce akwai irin ta taimakekeniya da malamai suka yarda da ita, in nemi wannan. Na nema na samu.

Kamfanin ya turo mini Mista Terver, Batibi ne, da farar riga da igiya a wuya cikin zafin Lafia. Na ɗauka zai zo da turancin da ba a ganewa, sai na ga mutum ne mai bayani. Ya ce in wuta ta tashi ko ɓarayi suka kwashe kayan aiki, za su biya. In ma'aikaci ya faɗo, za su ɗauki asibiti. In muka yi ɓarna a gidan mutane, irin ta Akurba, nasu ne.

"Amma Madam, in kun ɗaura esi bai yi sanyi ba, wannan kar ki kira ni. Ba ma biyan rashin iya aiki."

"Ba za ka ji kirana a kan wannan ba."

A nan na gane cewa farashinta ba a tsaye yake ba, kamar ciniki ne, sai dai da halinka ake taya shi. Kuna hawa bene? Ya ƙaru. Kuna ɗaukar injin esi a bayan babur? Ya ƙaru. Ya ga tukwanen gas ɗina a kusa da inda muke walda, ya kama baki. Na ce in na yi musu keji a waje fa? Ya ce zai sauka. In na saya wa ma'aikata igiyar ɗaure ƙugu? Zai ƙara sauka. Na fara jin daɗin cinikin, har na ce a kawo masa kujera mai kyau. Sai ga Inna Dije ta shigo da ƙwarya a ka. Ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa, kamar yadda take yi kullum. Na sha gaya mata nan shago ne ba ɗakin surukarta ba, ita kuwa ta ce ba a tashe ta da taka wa mutane wuri da takalmi ba. Ta ratsa tsakanin wayoyi, ta buɗe firiza, ta zuba kayanta. Bayanta masu zoɓo biyu, bayansu Mama Blessing.

Mista Terver ya bi su da kallo.

"Madam, su wa ne waɗannan?"

"Masu gwaji ne."

"Kina biyansu?"

"Su ke biyana. Da kindirmo."

Na yi masa bayanin al'adar. Ya saurara har ƙarshe, ya ce dabara ce mai kyau, amma ogansa ba zai sa hannu ba.

"Mutanen waje suna yawo a cikin wayoyi, ƙasa a jiƙe, suna buɗe firizar da ba a gama gyarawa ba. A wajenmu wannan ba shagon gyara ba ne, kasuwa ne. Ko dai su daina shigowa, ko babu takarda."

"Ka gaya wa oganka tun da muka fara ba abin da ya taɓa samun kowa."

"Madam, kafin Akurba kin taɓa fasa bututu?"

Na ce a zuba masa kindirmo. Ya sha, ya nemi ƙari, ya goge baki, bai canja magana ba.

Otal sun ba ni zuwa ƙarshen wata. Dogo ya same ni ya ce, "Oga, in aikin nan ya wuce mu, shagon gaba zai ɗauka, kuma ba zai dawo ba. Ki duba mu." Gaskiya ya faɗa. Amma in tsaya a ƙofa in ce wa matan da suka ajiye mini galan su koma da kayansu rana? Na ce masa bakina ba zai iya ba. Kwanaki suka yi ta tafiya, ban kira kamfani ba, ban kori kowa ba.

Firizar wani mai sayar da lemo ce ta raba gardamar. An kawo ta an yanke mata fulogi, wayoyi biyu tsirara ake cusawa a soket, babu wayar ƙasa, wadda ke kwashe wuta in ta zubo a jikin ƙarfe. Haka rabin firizojin garin nan suke zuwa mana. Dogo ya canja mata kwamfuresa, ya jona ta don ya ji kukanta, ya zagaya baya ɗauko sabon fulogi. Mu duk takalman roba muke sawa, ba mu san akwai wata waya da ta goge tana taɓa jikinta ba. Da azahar ne, ina zaune ina faɗaɗa bakin bututu. Inna Dije ta tuɓe takalma, ta taka ruwan da wata firiza ta narkar, ta ga sabuwa tana ruri babu komai a ciki, ta ce bari ta riga kowa. Ta kama murfin.

Ƙarar da ta yi ban taɓa jin irinta ba. Ban san lokacin da na kai babban makunni na kashe ba. Ko da na juyo tana zaune daɓas a ƙasa, ƙwaryar ta yi sama ta dawo a kan Dogo, wanda ya shigo a guje. Daga kansa har ƙirji fari fat. Ba wanda ya yi dariya sai daga baya.

Na sa ta a keke muka tafi asibiti. Suka duba ta suka ce Allah ya tsare, ta huta, hannun zai saki. A hanyar dawowa tana ta murza kafaɗa.

"Talatu, aljanin firizar nan ba ya son Fulani."

"Ba aljani ba ne, Inna, taurin kanki ne. Sau nawa na ce ki bar takalmanki a ƙafa?"

"To gobe in zo da na maigidana, na shiga ruwa."

Muka yi dariya har mai keke ya waiwayo. Sai ta kamo hannuna da wanda bai ji ciwo ba.

"Kada ki gaya wa yaron nan mai igiya a wuya. In kika rufe mana, nonon la'asar zubar da shi zan riƙa yi. Kin san hanyar rugarmu ba kusa ba ce."

Na ce mata zan gaya masa. Ba na fara hulɗa da mutum da ɓoye-ɓoye, kuma yau da abin ya zo da ƙarar kwana, ba ni da abin da zan kalli 'ya'yanta da shi.

Bayan la'asar na kira Mista Terver na faɗa masa komai. Bai ce ai na gaya miki ba, na yaba masa a kan wannan. Ya tambayi jikinta. Sai na ce, "Tsaya in tambaye ka. Matan ne oganka ba ya so, ko kayansu?"

"Ƙafarsu a cikin shago, ita ce babbar matsala."

"In ƙafarsu tana waje, kayan kawai suka shigo, ma'aikatana suka karɓa suka jera?"

Ya ce in haka ne zai iya shawo kan oga. Amma kayan mutane da ke hannuna wani nauyi ne dabam: in firizar gwaji ta mutu kifi ya ruɓe, ko wani ya sha abin da ya lalace, ni za a kama. Sai an ƙara wannan a ciki, kuma ba arha ba ne. Ya faɗi abin da zai ƙaru. Na ce masa ko fashi da makami ana yin sallama kafin a faɗi irin wannan. Ya yi dariya ya ce in yi tunani.

"Na gama tunani. Ka rubuta."

"Amma Madam, ƙofarki ɗaya ce. In suka taru a bakinta, sai sun shigo. Na ga Maman nan, ba ta jin magana."

"Wannan ba matsalarka ba ce."

Da safe, kafin kowa ya iso, na fito da tef na auna bangon da ke kallon titi, daidai ƙirjin Inna Dije, yadda za ta sauke ƙwarya ba sai ta sunkuya ba. Na zana da gawayi. Na aro babbar guduma a wurin birkilan da ke aiki a bayanmu, na ɗaure ɗankwali, na yi bismillah, bugun farko da hannuna na yi shi. Sai da bulo ya faɗa ciki haske ya shigo, sannan na ɗauko waya na kira mai gidan da nake haya, na gaya masa shagonsa ya samu taga.